Mudun Masunta Yana Ƙanƙancewa: Daga Gaɓar Gana Zuwa Matan Fada

Wata ranar kasuwa a Argungu, da hantsi, ina zaune wajen kawuna a rumfar masu banda, sai ga wani saurayi ya sauke kwando yana haki, fuskarsa cike da fara'a. Ya zaro tarwaɗa guda wadda tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani.

"Baba, yau Allah ya yi. Dubi wagga uwa!"

Kawu ya karɓa, ya jujjuya ta, ya miƙa masa abarsa. "Allah shi yi albarka, ɗana. Amma wagga ba uwa ba ta. Zamaninmu irin wagga maishe ta ruwa mukai ta ƙara girma."

Saurayin ya yi murmushin ladabi irin wanda ake yi wa tsoho idan ya ɗauko labarin da. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin a cikin su biyun babu wanda ya yi ƙarya. Tun da yaron ya fara shiga ruwa bai taɓa ganin tarwaɗar da ta fi wannan da yawa ba, saboda haka a wurinsa uwa ce. Kawu kuma da wani ma'auni yake awo, wanda ya gada daga ruwan shekara hamsin da suka wuce. Ka ɗauka a kasuwa ana rage bakin mudu kowace shekara da ɗan abin da ido ba zai kama ba. Kafin jika ya girma, mudunsa rabin na kakansa ne, amma sunansa mudu, kuma zai dafa Alƙur'ani cewa an cika masa.

Wanda ya fara raɗa wa wannan ciwo suna a duniyar ilimi shi ne Daniel Pauly, masanin kifin teku da ke koyarwa a Jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada tun 1994. An haife shi a birnin Faris a 1946, uwarsa Bafaranshiya, ubansa baƙar fatar Amurka. Ya tashi a Suwizalan a hannun wasu mutane da suka mayar da shi yaron gida, ya tsere zuwa Jamus yana saurayi, yana aikin ƙarfi yana karatun dare, har ya samu shiga Jami'ar Kiel. Aikinsa na farko a bakin ruwa a Afirka ta Yamma ya yi shi. A 1971 ya zo Gana, tafkin Sakumo da ke gaɓar teku kusa da Tema, ya zauna yana auna wata irin karfasa da masuntan wurin ke rayuwa a kanta. A lokacin takan kai santimita 20. Da ya koma bayan shekara 27 sai ya tarar girmanta ya ragu da rabi, tana fara ƙwai tun tana santimita biyar. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne masuntan suna nan suna sunsu kamar kullum, ba su jin an raba su da wani abu.

A 1995 ya rubuta wata 'yar maƙala mai shafi ɗaya tak, ya ce wannan mantuwa har masana ba ta bari ba. Kowane mai bincike yakan ɗauki yawan kifin da ya tarar ranar da ya fara aiki a matsayin asali, ya riƙa auna raguwa daga nan. Idan ya yi ritaya, na bayansa ya zo ya ɗauki ragowar a matsayin nasa asalin. Da haka sai a wayi gari an yi asarar kashi tara cikin goma, alhali kowane zamani kaɗan ya ga ya ragu. Wata mai bincike, Loren McClenachan, ta tabbatar da wannan ta wata hanya mai sauƙi. Ta tattara tsofaffin hotunan da masu kamun kifi na nishaɗi suke ɗauka a bakin jirgi a Key West ta Amurka, inda ake rataye kifayen da suka fi girma a ranar. A 1956 matsakaicin nauyin kifin da aka rataye ya kusa kilo 20. A 2007 ya koma kilo 2.3. Allon ratayewar bai sake ba, kuma mutanen da ke tsaye gefensa dariyarsu ɗaya da ta kakanninsu.

To me ke sa kifi ƙanƙancewa? Raga babba take fara ɗauka. Kifin da halittarsa ita ce ya yi girma sosai kafin ya fara haihuwa, ana kama shi bai bar baya ba. Wanda ke saurin balaga yana ƙarami shi ke samun damar zuba ƙwai kafin raga ta same shi, sai zuriyarsa ta gaje ruwan. A nan akwai wani lissafi da ya kamata kowane masunci ya sani. Ƙwan kifi ba daidai da nauyinsa yake ƙaruwa ba, ya fi nauyin saurin ƙaruwa. Wani bincike na 2018 ya nuna cewa uwa ɗaya ta kod, wani kifin teku, mai kilo 30 ta fi uwaye 28 masu kilo bibbiyu yawan ƙwai, ko da yake su ashirin da takwas ɗin in an haɗa su sun kusa ninka ta a nauyi. Wato babbar uwa ita ce rumbun iri. Kowane manomi a Kabi ya san hukuncin wanda ya daka irinsa ya yi tuwo da bazara. A ruwa kuwa ta fuska biyu muke cin irin: mu kwashe manyan uwaye, mu kuma tace 'ya'yan da ƙaramar raga.

Sai mataki na biyu, wanda Pauly da abokan aikinsa suka bayyana a 1998. Idan manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu suka ƙare, masunta ba sa naɗe taru su koma gida. Sukan sauko kan na ƙasa da su, in waɗannan ma suka yi ƙaranci a sake saukowa. Mai duba nauyin abin da aka kamo kawai zai ga kwando a cike yake, sai wanda ya leƙa ciki zai ga abin da ke cikinsa ya sake. Mu ce da giwan ruwa da ramboshi da yauni, yau ƙananan karfasa da kurungu, gobe warangi. A teku kuma akwai ɓarnar da ta fi wannan. Manyan jirage suna jan taru mai nauyi a kan ƙasan teku, yana kankare duk abin da ya tsiro a wurin. Pauly ya ga wannan da idonsa a Indunusiya a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da yake cikin jirgin bincike a Tekun Jaba: akasarin abin da tarun ya fara fitowa da shi ba kifi ba ne, soso ne na teku da sauran halittun da ke manne a ƙasa, waɗanda su ne gidan kifin. Bayan an bi ta kansu sai wurin ya koma taɓo. Kamar mai neman zomo ne ya sare dajin gaba ɗaya.

Aikin da ya fi cin ransa shi ne na ƙidaya. Ƙasashe suna aika wa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya alƙaluman kifin da suka kama kowace shekara, kuma da su duniya ke aiki. Amma wa ke ƙirga abin da mai kwale-kwale ya kamo ya kai gida? Wa ke rubuta abin da mata ke tsinta a bakin gaɓa, ko wanda manyan jirage ke zubarwa matacce saboda ba shi suke nema ba, ko na ɓarayin dare? Inda ba a samu adadi ba sai a bar gurbin, gurbin kuma a lissafi sifili ne. Daga 1999 Pauly ya kafa wani shiri mai suna Sea Around Us, suka bi ƙasa-ƙasa da taimakon ɗaruruwan masu bincike suna cike waɗannan gurabe daga tsofaffin takardu da yawan jama'a da abin da suke ci. A 2016 shi da Dirk Zeller suka fitar da sakamako. Alƙaluman hukuma sun ce kamun kifin teku ya kai ƙololuwarsa a 1996 da ton miliyan 86. Nasu lissafin ya ce ton miliyan 130 ne, kuma tun daga shekarar yake sauka da fiye da ton miliyan ɗaya kowace shekara. Ita kanta hukumar ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 1974 kashi 10 cikin ɗari na garken kifin teku ne ake kamawa fiye da ƙarfin haihuwarsu, a 2021 kuwa sun kai kashi 37.7.

Idan ana son ganin ƙarshen wannan hanya, a dubi Newfoundland da ke gabashin Kanada. Kusan shekara ɗari biyar mutane suna rayuwa a kan kifin kod a wurin, wato dangin busasshen kifin nan mai tauri da ake kawowa Najeriya daga Nowe. Da manyan jirage masu sarrafa kifi a cikinsu suka iso, a 1968 kaɗai aka kwashi ton 810,000. A shekarun 1980 ƙananan masunta na bakin gaɓa suka yi ta kuka cewa kifin yana ƙanƙancewa, yana kuma wuyar samu. Ba a saurare su ba, domin manyan jirage suna dawowa a cike, kuma da kamunsu ake auna lafiyar ruwan. Abin da ba a lura da shi ba shi ne na'urorin jiragen sun ƙware wajen gano inda ragowar kifin ya taru, suna bin sa har makwancinsa na ƙarshe. Ranar 2 ga Yuli 1992 gwamnati ta rufe kamun kod, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a a yini ɗaya. An ce shekara biyu za a yi. Sai a 2024 aka sake buɗewa, bayan shekara 32, da izinin ton 18,000 kacal. Duk lokacin da na ji wani ya ce ai ruwa ba ya ƙarewa da kifi, wannan labarin nake tunawa, musamman yadda masu ƙaramin jirgi suka riga masu digiri ganin abin da ke tafe.

Gaskiya ita ce ba duk masana suka yarda da Pauly a kan komai ba. Ray Hilborn na Jami'ar Washington ya daɗe yana ja da shi, yana cewa yawan abin da aka kama ba shi ke nuna yawan abin da ya rage a ruwa ba, kuma a wuraren da ake ƙidaya da kyau ana bin doka, kamar Alaska da Nowe, garken kifi suna farfaɗowa. Ina ganin yana da hujja. Sai dai hujjar tasa ba ta sanyaya mini rai ba, domin sharaɗin da ya kafa, wato ƙidaya da doka mai aiki, shi ne ainihin abin da babu a yawancin ruwayen Afirka ta Yamma.

Mai karatu a Birnin Kebbi ko Gusau zai iya cewa, mu da ko ƙamshin teku ba mu ji, ina ruwanmu? Ya leƙa tukunyar gidansa. Hukumomi sukan ce Najeriya tana buƙatar kifi ton miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Kifin ƙanƙarar da ake soyawa a bakin tasha a Jega da Zuru da Talatar Mafara daga teku ya fito, wani daga arewacin Turai, wani daga gaɓar Afirka ta Yamma. A Murtaniya da Sanigal da Gambiya an kakkafa masana'antun da ke niƙa ƙananan kifaye, irin waɗanda talaka ke iya saya, su mayar da su gari da mai, a fitar waje a ciyar da kifin kiwo da aladu. An ƙiyasta abin da ake niƙawa ya haura ton rabin miliyan a shekara. Kowane kwali da ya yi tsada a can, sai mai miya ta ji a jikinta a nan.

Akwai kuma tambayar da ta daɗe tana damuna: in kifi ya yi ƙaranci har fita nemansa ba riba, me ke hana manyan jiragen tsayawa? Amsar tana wurin abokin aikin Pauly, Farfesa Rashid Sumaila, masanin tattalin arzikin teku wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya wuce Bergen ta Nowe. Su biyun aka haɗa aka ba lambar yabo ta Tyler, ta masu aikin kare muhalli, a 2023. Sumaila ya lissafa cewa a 2018 gwamnatocin duniya sun ba harkar kamun kifi tallafin dala biliyan 35, kuma biliyan 22 daga ciki irin tallafin da ke ƙara ɓarna ne, kamar rangwamen man jirgi da kuɗin ƙera sababbin jirage. Da kuɗin harajin ƙasashe masu arziki jirgi ke baro Asiya ko Turai ya zo ya yi su a bakin ƙofarmu, alhali in da shi zai sayi mansa da kuɗinsa, ba zai zo ba. A watan Yunin 2022, ƙarƙashin shugabancin Ngozi Okonjo-Iweala, Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta cim ma yarjejeniyar hana tallafa wa masu satar kifi da masu kama garken da ya riga ya raunana, ta kuma fara aiki a Satumbar 2025. Babban ɓangaren, wato tallafin da ke sa jirage su yi yawa fiye da kima, har yanzu ana kan teburinsa.

Mu ma muna aika wa teku saƙo. Gulbin da ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi yana zuba a Kwara, Kwara ta bi ta Yawuri da Kainji da Lakwaja har ta faɗa Tekun Atlantika. Ledar ruwan da aka yar a kwata, da takin zamani da maganin ciyawar da ruwan sama ya wanke daga gona, duk hanyarsu ke nan. Taki idan ya yi yawa a ruwa yakan haifar da gansakuka, ita kuma in ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. A 2008 masana sun ƙirga wurare fiye da 400 a bakin tekunan duniya da suka zama matattu ta wannan hanya. A can ƙarshen Kwara kuma akwai kurmin ruwan gishiri na yankin Neja Delta, mafi girma a Afirka, inda 'ya'yan kifin teku ke girma a cikin saiwoyi. Malalar man fetur ta cinye wani sashe nasa, har rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.

Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne duk abin da Pauly ya bayyana game da teku yana faruwa a gulbinmu, sai dai a ƙaramin faifai. Kifin gulbi da ambaliya yake haihuwa. Idan ruwa ya cika ya hau fadama, kifaye su bi shi cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya, in ruwa ya fara janyewa su dawo gulbi da ƙwarinsu. Fadama ita ce ɗakin haihuwa. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo ta biyo baya a shekarun 1980, dukansu a saman ruwan da ke zuwa mana. Wani masanin Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan Bakolori bayan an datse ruwan, ya tarar ambaliyar ta ragu a faɗi da daɗewa, kamun kifi ya faɗi, masunta da dama sun bar sana'ar ko sun yi ƙaura. Sannan noman shinkafa na rani ya bunƙasa, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015. Ba zan zagi shinkafa ba, ta rufa wa gidaje da yawa asiri, har da namu. Sai dai kowane injin ban ruwa daga gulbi ɗaya yake sha, kuma tafkunan da kifi ke laɓewa da rani da yawansu sun zama gona.

A kan wannan sai mu ƙara namu hannun. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya koma raga, ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai farce ba. Akwai masu zuba guba irin su Gamalin a tafki su kwashe abin da ya taso, su bar sauran ya ruɓe, su kuma sayar wa mutane abin da zai cuce su. A tafkin Kainji, wanda aka datse a 1968, wani aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na shekarun 1990 ya nuna cewa dala, tarun da ake ja don warangi, tana haɗawa da 'ya'yan manyan kifaye, har aka kai ga haramta ta. Duk wanda ya san bakin ruwan Yawuri ya san rubuta doka daban, tsare ta daban.

Shin abin da ya lalace yana gyaruwa? Yana gyaruwa, kuma wannan ne ɓangaren da na fi so mutanenmu su ji. A ƙasar Meziko akwai wani ƙauyen masunta, Cabo Pulmo. Da kifinsu ya ƙare, su da kansu suka nemi gwamnati ta mayar da ruwansu hurumi, aka yi haka a 1995, suka ajiye raga suka zama masu gadi. A 1999 masana suka auna, ba su ga wani canji ba. Da suka dawo a 2009 sai suka tarar nauyin kifin wurin ya ƙaru da kashi 460 cikin ɗari, manyan da aka manta da su sun dawo. Sauran wuraren da aka keɓe a wannan teku a takarda kawai, babu mai tsaronsu, ba su ƙaru da komai ba. Kuma kifin hurumi ba ya sanin iyaka. In ya yi yawa yakan malala waje, ƙwansa ma ruwa ya kwashe shi ya kai inda ake su.

Da na fara karanta wannan sai na ce, ai mu mun san shi. Me ya sa ake fito da giwan ruwa mai kilo 75 a Matan Fada, wurin bikin kamun kifi na Argungu, a 2005, da mai kilo 78 a 2020, alhali masuncin da ke ƙasa da wurin kaɗan zai shekara bai ga mai kilo goma ba? Domin wurin hurumi ne. Ba a shigarsa sai ranar da aka buɗe, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaronsa, jama'a kuma suna jin nauyin al'adar. Ranar su ɗin ma da homa da gora ake shiga, na ɗan lokaci, a fito. Tun kafin bikin ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, Kabawa suna da gyaran ruwa da fashin ruwa, suna da tafkunan da ba a taɓawa sai lokacinsu ya yi. Abin da ƙasashen duniya suka taru a Montreal ta Kanada a Disambar 2022 suka yi alkawari, cewa za su keɓe kashi 30 cikin ɗari na teku kafin 2030, jikan wannan hikima ne.

Sai dai ina tsoron kada ƙaton kifin biki ya zama mana irin jiragen Newfoundland masu dawowa a cike. Ana ɗora shi a sikeli, a ɗauki hoto, duniya ta gani, kowa ya koma gida da zaton gulbi lafiya lau. Kifi ɗaya daga wuri ɗaya da aka tsare shekara guda ba ya ba da labarin sauran gulbin. Abin da yake nunawa shi ne abin da gulbin zai iya yi in an bar shi ya huta. Kuma hurumi kaɗai ba ya isa in ruwan da kansa bai zo ba. A jihar Virginia ta Amurka, Robert Orth da abokan aikinsa sun watsa irin ciyawar teku fiye da miliyan 70 a wasu lungunan gaɓa da ciyawar ta ɓace tun shekarun 1930, ta kama, ta rufe hekta 3,600. Ta kama ne saboda ruwan wurin mai tsabta ne, iri kawai ya rasa. Inda ruwa ke da dauɗa an yi ta shuka tana mutuwa. Haka zuba 'ya'yan kifi a gulbi da wasu ke kira gyara: in ba a saki ruwa daga madatsa a lokacin da kifi ke haihuwa ba, in ba a bar masa wani yanki na fadama ba, in gidan sauro na jiransa, to an ciyar da masu raga na mako biyu ne kawai.

Wurin da maganar ta fi wuya shi ne cikin masunci. Saurayin nan mai tarwaɗa yana da mata da goyo. In ka ce masa ya ajiye raga wata uku na damina, me za su ci? Gana ta so rufe teku ga masu kwale-kwale a 2018, masunta suka ƙi, dole aka ɗage sai 2019, kuma ƙorafinsu mai ƙarfi ne: a hana mai ƙaramin jirgi, manyan jirage kuwa suna ta ɓarna. Dokar da ta fara da talaka ta ƙyale mai ƙarfi ba ta daɗewa. A ganina duk wani shirin hutar da ruwa a Kabi sai ya zo da abin da za a riƙe gida da shi a watannin, ko hatsi, ko jarin noman damina, ko musayar ƙaramar raga da mai faɗin ido kyauta, kuma a sa tsaronsa a hannun Sarakunan Ruwa da su masuntan, domin su ne ke bakin ruwa da asuba. Kuɗin ba su fi ƙarfin duniya ba. Carlos Duarte da wasu masana sun nuna a 2020 cewa za a iya farfaɗo da akasarin rayuwar teku kafin 2050 da dala biliyan 10 zuwa 20 a shekara, wato ƙasa da abin da ake kashewa wajen tallafa wa ɓarnar. Sun kafa sharaɗin a shawo kan ɗumamar yanayi, domin ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take yi, kuma babban kifi ya fi ƙarami jin wannan ƙunci.

Akwai abu ɗaya da ba ya jiran Abuja ko Janeba, mazaunin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Lokacin da Pauly yake aiki a Manila ta ƙasar Filifin, daga 1979, ya lura cewa dabarun Turawa na gane shekarun kifi ba sa aiki sosai a ƙasashe masu zafi, kuma suna da tsada. Sai ya fito da hanyar da ba ta buƙatar komai sai auna tsawon kifaye da yawa, wata bayan wata, daga nan a gane saurin girmansu da yadda ake kashe su. Katako mai zanen santimita, da littafi, da mai haƙurin zama a mashaya. Ɗaliban jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi za su iya wannan a Argungu da Yawuri da Bagudo, a haɗa da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa. Ɗaya rabin aikin kuma yana bakin tsofaffi, kuma shi ne mai gaggawa, domin su ne kaɗai suka ga tsohon mudun.

Shi ya sa bayan sati biyu na koma wajen Kawu da littafi da biro. Na ce, "Kawu, so nake ka lissafa mini duk kifin da ka taɓa kamawa a gulbin nan, da girmansa, da inda ka kama shi." Ya dube ni jim, sannan ya gyara zama. Ya fara da giwan ruwa, ya nuna tsawonsa da sandarsa ya ƙara da taki ɗaya. Ya ambaci yauni da bargi da zawai da faliya da minjirya, ya faɗi gurbin da kowanne ke kwana da watan da yake ƙwai. Ya ce ya taɓa ganin ayu sau biyu yana yaro, ya kwatanta mini wurin, na san shi, yanzu gonar shinkafa ce. Saurayin nan yana gefe yana gyaran raga, sai na ga ya ajiye ta ya matso. Da Kawu ya ambaci wani suna sai ya ce, "Baba, wane iri ne wannan? Ban taɓa jin shi ba."

Aka kira sallar azahar muna shafi na huɗu. Kawu ya jawo butarsa ya ce mu dawo bayan la'asar, mu biyun, bai ko shiga kifayen tafki ba tukuna.